A Legas, kaza ma 'yar haya ce

Wata Lahadi bayan la'asar Baba mai gidanmu ya tara mu a tsakar gida, mu 'yan haya 9, ya zauna a kujerar robarsa ya ce magana ɗaya ce ta taso shi tun daga Ikorodu: kaji. Gidan namu a Agege yake, irin dogon gidan nan da ƙofa ke kallon ƙofa, siririn lungu a tsakiya, banɗaki 2, kicin ɗaya, sai ɗan fili a baya inda ake shanya. A wannan filin kajina 11 suke sheƙe ayarsu a lokacin. Ban jira an faɗa min da wa ake ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Iya mai sayar da abinci ce ta fara. Ta ce sau 3 tana shanya agushi a faranti, sau 3 kajina na hawa su yi watsa-watsa da shi, har su bar mata tsaraba a ciki. Wani saurayi ɗan ƙabilar Ibo da ke aikin dare a Ikeja ya ce shi ba ya rigima da kowa sai zakara, domin da ya dawo ya sa haƙarƙarinsa a katifa, nan gogan zai buɗe maƙogwaro a gindin tagarsa. Duk waɗannan da kunne ɗaya na saurare su, ina ta shirya amsa a zuci. Wanda ya kashe min jiki ɗan'uwana ne Bahaushe, wani dattijo Basakkwace mai sayar da carbi da turare, wanda bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya ce, "Malam, ni ba ƙara na kawo ba. Amma shekaranjiya da asuba na ga kazarka ta fito daga kwata, ta zo ta tsoma baki a ruwan alwalata. Kai ma ka san hukuncin."

Na san shi kuwa. Tun muna yara malamanmu na Malikiyya suka karantar da mu cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, muddin ba ƙazanta take ci ba. Da zarar ta koma cin najasa, kashinta ya zama najasa, ragowar ruwan da ta sha kuma ba a so a yi alwala da shi. To ni ne nan na saki kaji suna kiwo a kwatar Agege, suna dawowa suna taka inda mutane ke shimfiɗa darduma.

Baba ya dube ni ya ce, "Malam, ka zaɓa, ko kai ko kajinka." Na roƙi arzikin mako 2.

A 2021 aka yi wannan zama. Har yau ina gidan, har yau ina da kaji, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne wannan: bai kamata a hana talaka ajiye kaji a bayan ɗakinsa a Legas ba, amma wanda duk ya ce zai saki kaza ta yi kiwon kanta kamar yadda ake yi a gida, ya cancanci a hana shi. A garin nan kaza ma 'yar haya ce. Sai an ba ta ɗaki, an ciyar da ita, an kwashe mata shara, an kuma hana ta shiga haƙƙin maƙwabta. Wanda ba zai iya ba, ya sayi ƙwansa a shago ya huta.

Na san yadda maganar ke sauka a kunnen ɗan Arewa, don ni ma a kaina ta fara sauka. A ƙauyenmu can ƙasar Daura ban taɓa ganin Inna ta sayi abincin kaji ba. Da safe a buɗe akurki, a watsa musu tsaki ko ƙanzo, shi ke nan. Su bi gindin turmi, su bi bayan rumbu, su tona gara, su kama fara, magariba ta yi su dawo da ƙafarsu. Mun tashi muna ganin kaza a matsayin dukiyar da ba ta cin kuɗi. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne ba kazar ce ke da dabara ba, ƙauyen ne ke ciyar da ita. Akwai fili, akwai hatsin da ke zuba wajen sussuka da surfe, akwai rana da busasshiyar ƙasa da ke shanye kashinta kafin azahar. Sannan kowane gida na da kaji, in tawa ta shiga gidanka yau, gobe taka za ta shigo nawa, babu mai bin wani bashi. Ka cire waɗannan duka ka ga me ya rage. Abin da ya rage shi ne siminti, kwata, bola, da maƙwabcin da bai ajiye ko tsuntsu ba amma shi ke wanke kashi daga bakin ƙofarsa.

Kakanninmu da suka zauna a Agege saboda fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa sun tarar da gonaki ne, suna da inda za su saki kaza har da akuya. Mu mun gaji al'adar ba mu gaji filin ba. Legas ce jiha mafi ƙarancin ƙasa a Najeriya, ga jama'a kamar ƙasa.

A cikin mako 2 ɗin da aka ba ni na yi abin da mai gaggawa ke yi. Na sayar da 5, na samo tsofaffin kwanuka da buhuna na kewaye wani lungu a jikin katanga, a ƙasa, na zuba sauran a ciki. Maƙwabta suka samu lafiya, kajin suka shiga uku. Da damina ta kankama a watan Yuni, wani dare aka kwana ana ruwa. Da asuba na haska fitilar waya na ga ruwa ya kwanta a ciki har idon sawu. Wata kaza da ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 8 tana tsaye a kan bulo, fikafikanta a sake, 3 sun maƙale a ƙarƙashinta suna rawar ɗari, 5 na yawo a kan ruwa. Uwargida ta ɗauki masu ran ta naɗe a zani ta kai kusa da murhu, ba ta ce min uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Daga baya ne ta ce, "Maigida, in kiwon nan ba za a yi shi da gaske ba, a bar shi. Alhakinsu a wuyanmu yake."

Gaskiyarta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, kowa ya san shi. Kullewa kaɗai ba ita ce mafita ba. In ka raba dabba da yawonta, duk abin da yawon ke ba ta ya dawo kanka.

Daga nan na kira kafinta. Abin da na koya da kuɗina da gawar 'yan tsakina shi ne babban abokin gabar kaza a Legas ba shaho ba ne, ba muzuru ba ne, danshi ne. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya ninka na Daura fiye da sau 2, kuma ko ba a ruwa iskar kanta a jiƙe take. Saboda haka akurkin ƙasa irin na gida, mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da dutse, a nan kabari ne. Namu na katako ne, tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 4, an ɗaga shi ƙafa 2 daga ƙasa, kuma kaji 6 kawai ke ciki. Gefe 3 wayar raga ce daga tsakiya zuwa sama, mai ƙananan idanu da ɓera ba zai ratsa ba, don iska ta riƙa wucewa. Kwanon rufin ya zarce jikin sosai saboda feshin ruwa, na kuma sa kwali a ƙarƙashinsa, domin kaza ba ta gumi, in zafin Fabrairu da Maris ya taso sai dai ka ga ta buɗe baki tana haki. A ciki akwai sanda a gicciye da suke hawa su kwana, da akwatuna 2 a lungu mai ɗan duhu inda suke saka ƙwai. Ƙafafun akurkin 4 kowacce na tsaye cikin gwangwani mai baƙin mai, saboda kwarkwasa. Wanda bai taɓa ganin abin da kwarkwasa ke yi wa kaza mai kwanci a dare ɗaya ba, Allah kada ya nuna masa.

Ranar 3 ga Yulin 2024, da aka wuni ana ruwan da ya tsayar da Legas cak, ruwa ya shigo mana har lungun ɗakuna. Mu muna ta ɗaga katifu, su suna bisa suna kallonmu.

A daɓen akurkin muna zuba dusar katako, kaurin yatsu 4. A gida ɓuntun shinkafa ake samu, a nan sai wajen masu aikin katako, kuma mai manyan ɓarɓashi ake nema, wadda injin goge katako ke fitarwa, ba mai laushi kamar gari ba. Ita ke shanye danshin kashi. Duk warin da ake zargin kaji da shi daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yake fitowa, wannan warin mai yaji da ke sa ido hawaye. In ya dami hancinka kai da ke tsaye, ka tuna ita a ciki take kwana, shi ke jawo musu mura da ciwon ido. A jiƙaƙƙiyar shimfiɗar ne kuma cutar nan ta kashin jini ke yaɗuwa, wadda ke kwashe ƙananan kaji. Ma'aunina mai sauƙi ne. In na damƙi dusar ta dunƙule a hannuna, lokacin canji ya yi. In ta warwatse, da sauranta.

Aikin kullum ba shi da yawa, sai dai ba ya ɗaukar fashi. Uwargida ce ke yin na safe. Bayan ta idar da sallah takan fita da tsohon buroshi da bokiti, ta zubar da ruwan jiya, ta goge mazubin har santsin nan ya fita, ta zuba sabo. Mazubin a rataye yake daidai tsayin bayan kaza, don kada su taka ko su kifar. Sai ta auna abinci da gwangwani, ta tsaya ta ɗan kalle su. Wannan tsayuwar ta fi komai amfani. Kaza mai lafiya rububi take yi. Wadda ta koma gefe ta takure, ta saki fiffike, ta lumshe ido, a ranar ake fitar da ita a sa ta a kwando ita kaɗai. Da hantsi yara su kwashe ƙwai. Da yamma ni ke buɗe musu ƙofa su sauko cikin ɗan shingen da na yi a gindin akurkin, inda na ajiye tsohon baho cike da yashi da toka. Nan suke birgima, su watsa tokar cikin gashinsu, ita ce sabulunsu, ita ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata. Mukan rataya musu ganyen kabeji ko latas da 'yan gwari suka ware. Kafin isha'i a ɗauke mazubin abinci, a rufe. Buhun abincin kuwa a cikin duro mai murfi yake zama, domin abincin kaji a buɗe gayyatar ɓera da gafiya ce, kuma a ƙasar da ake fama da zazzaɓin Lasa, wanda ɓera ke yaɗawa, maƙwabcin da ya yi ƙorafi a kan wannan bai yi laifi ba. Ga shi danshin garin nan ba ya barin dusa ko masara ta daɗe, nan da nan ta yi funfuna, kuma hatsi mai funfuna guba ne ga kaza.

Kashin ma ba ya zuwa kwata. Mukan tara shi da tsohuwar dusar a buhu, a ɗaure, masu sayar da furanni a bakin titi su karɓa da murna. 'Yan'uwanmu masu lambun latas da alayyafo a wajen Ojo ma takin da suke nema ke nan.

Wani zai ce to ina ribar, tunda komai sai an saya? Tambaya ce mai kyau, kuma lissafin ba shi da wuya. Kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 6 za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kusan mako 5. A wannan tsakanin, in irin masu ƙwai ne kuma suna kan ganiyarsu, ana samun 4 ko 5 kullum, wato wajen kiret 5 ke nan, kowanne ƙwai 30. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu ɗaya, ka tambayi kuɗin kiret 5, ka cire. Ba za ka gina gida da abin da ya rage ba, kuma in ka sa kuɗin katako da waya sai an yi watanni kafin uwar kuɗi ta dawo. Amma yarana na tafiya makaranta da dafaffen ƙwai a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, masara da waken suya suka yi tsada, gidajen gona da dama suka rufe, kiret ya haura naira 5,000 a 2024. A gidaje da yawa ƙwai ya koma abin marmari. A nawa bai koma ba.

Sai dai a nan akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Wannan lissafin bai hau kan kazar Hausa ba. Ita a shekara ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60, domin da ta saka goma sha wani abu sai ta kwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi wata da watanni tana reno. A ƙauye wannan alheri ne, tunda kyauta take ci. A keji, kana sayen abinci, asara ce. Ga wanda zai kulle, gara irin da aka inganta: Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, ko FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta, ko Noiler da ta cika kasuwannin Kudu maso Yamma, mai ba da nama da ƙwai. Ni dai ina ajiye kazar Hausa ɗaya tal, don kwanci da kuma don zuciyata ba ta yarda in rabu da ita ba. Romonta daban ne, wannan ba na musu da kowa a kai.

Zakara kuwa, a gaskiya shi ne rabin rigimar. Mutane da yawa, har da manya masu gemu, sun ɗauka kaza ba ta yin ƙwai sai da zakara. Tana yi sarai. Zakara ana buƙatarsa ne kawai in ana son ƙwan ya ƙyanƙyashe. Nawa ja ne mai dogon bindi, Inna ce ta aiko min shi a motar albasa, kuma na so shi. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Ranar da wa'adin Baba ya cika aka yi farfesunsa, na aika wa saurayin nan mai aikin dare da cinya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu in muna son 'yan tsaki, ƙwai mai zakara nake samowa wajen wani aboki da ke da fili a Ikorodu in sa wa kazar Hausar. A gidan da mutum 30 ke kwana, carar asuba ba haƙƙin mutum ɗaya ba ce da zai yanke shi kaɗai.

Inda maganar ta wuce tsakar gida ta zama ta jama'a shi ne cuta. Muna da ɗabi'u 3 da ya kamata mu ji kunyarsu. Mukan sayo kaza a kasuwa gab da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da kaji ke shigowa daga ko'ina, mu jefa ta cikin namu a ranar, alhali kamata ya yi ta zauna ita kaɗai mako 2 a ga lafiyarta. Haka annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ke shiga gida, ka ga kaza na zawo kore-kore, tana haki, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. In kuma ciwo ya zo, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo a farke a ruwa, ba awo ba ƙa'ida, ana kuma ci gaba da cin ƙwan. Wannan maganin ba ya taɓa Niyukasil ko kaɗan, illa dai ya saura a ƙwai da nama ya shiga cikin 'ya'yanmu, ƙwayoyin cuta su saba da shi. Ta ukun ta fi muni: "Yi maza kawo wuƙa kafin ta mutu." Yanka yana halatta nama, ba ya kashe cuta. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Najeriya. A Janairun 2007 wata mace 'yar shekara 22 ta rasu da ita a nan Legas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar. Cutar ta sake ɓullowa a Kano da Legas a farkon 2015. In kaji suka fara faɗuwa farat ɗaya, 2 ko 3 a wuni, kai ya kumbura ya yi shuɗi, ba a fige su, ba a jefa su a kwata ko bola. A sa leda a hannu, a binne da zurfi, a sanar da likitan dabbobi.

Niyukasil tana da rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yin sa, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha, a maimaita duk bayan wata 3 ko 4. Ba shi da tsada. Matsalar ita ce kwalbar an yi ta ne don kaji masu yawa, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin awa 1 ko 2. Mai kaji 6 zai sayi kwalba guda ya zubar da saura? Shi ya sa ba ya saye. Mu a layinmu mun haɗu mu 7, muna sayen ɗaya, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara, wani yaro mai karatun aikin gona ya bi gida-gida ranar Asabar da safe. Abin da mutum 7 suka iya, kwamitin masallaci zai iya, fadar Sarkin Hausawa za ta iya, ƙaramar hukuma ta fi kowa iyawa. Ƙasar da ta bi ƙofa-ƙofa da ɗigon foliyo har aka tabbatar ta rabu da cutar a 2020 ba za a ce ba ta san yadda ake kai rigakafi lungu ba. Kajin bayan gida da ba a yi wa rigakafi ba barazana ce har ga manyan gonakin Epe da Ikorodu, don haka ba alfarma za a yi mana ba.

Abin da nake tsoro shi ne hanyar da ta fi sauƙi ga hukuma, wato hani. Mun ga yadda aka yi da acaɓa a 2020 da 2022, mun ga yadda aka haramta robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, darasin ɗaya ne: a Legas in abu ya dami jama'a kuma masu shi suka kasa gyara shi da kansu, wata safiya za a tashi a ji sanarwa. Ranar da aka yi wa kaji haka, ba mai gidan gona zai ji a jikinsa ba. Matan da ke kulle a ɗaki ɗaya ne, waɗanda kaza ce asusunsu, ita ake sayarwa a sayi maganin yaro ko a kai gudummawar biki. Gwamnatin da tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 take kiran mutane su yi noma da kiwo a bayan gida, bai dace ta zo ta ce kaji 6 a keji laifi ne ba. Abin da ya dace duba-gari ya duba shi ne: a kulle suke ko a sake, shimfiɗa a bushe take, ina ake kai kashi, nawa ne adadinsu, akwai tazara da rijiya da kicin. Wanda ya cika a bar shi, wanda ya saɓa a ba shi wa'adi kamar yadda Baba ya ba ni.

Akwai kuma abin da mu baƙi ya kamata mu riƙa tunawa, ko da an haife mu a nan. In kazar Bayarabe ta yi ɓarna, kazar wane ce. In tawa ta yi, kazar Hausawa ce. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake. Wanda ya ga rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a Fabrairun 2002 ko na Mile 12 a Maris ɗin 2016 ya san ƙaramar magana ba ta daɗewa tana ƙarama a unguwannin da muke cuɗe da juna. Ban ce kaza za ta tayar da gari ba. Na ce dai farantin agushi bai kai abin da za a yi shekara ana gaba a kansa ba.

Da na gama akurkin na kira Baba ya gani. Ya zagaya shi, ya sunkuya ya shinshina, ya ƙirga kajin da sandarsa. Muka yi sharaɗi a gaban kowa: ba za su wuce 6 ba, babu zakara, ba za su taka tsakar gida ba, in wari ya tashi a faɗa min sau ɗaya, na biyu in kwashe. Ya ce a rubuta a bayan takardar haya, aka rubuta. Iya yanzu ita ke tara min ɓawon ƙwai daga shagonta, mu gasa mu daka mu zuba musu a abinci don ƙwansu ya yi ƙwari. Dattijon nan Basakkwace kuwa duk Juma'a akwai ƙwai 3 da yara ke kai masa, yana karɓa yana cewa an ɗora masa nauyi.

Shekaranjiya wani sabon ɗan haya ya tare a ɗakin ƙarshe, yaro ne ɗan wajenmu da amaryarsa. Cikin kayan da aka sauke daga mota na hango kwando an ɗaure bakinsa da igiya, kaji 4 da wani jibgegen zakara fari, kyautar surukarsa. Kafin magariba har ya kwance su suna zagaya tsakar gida, Iya ta leƙo ta taga ta dube ni ba ta ce komai ba. Na ce masa, "Ƙanena, in ka yi isha'i ka zo mu sha shayi." Na riga na auna masa wuri a gefen tankin ruwa, ƙafa 6 da ƙafa 4, lambar kafintan ma tana wayata. Maganar zakaran ce ban san ta inda zan ɓullo masa ba tukuna.